Fulogi, Koyil da Hanyar Gamawa

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Ibadan da duk inda neman abinci ya kai mu.  Yau maganar mota nake tafe da ita. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa da sifana, to a yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe.

Sanin kowa ne cewa mu mutanen Arewa da ke zaune a nan, da zarar Allah ya buɗa wa mutum, abin da yake fara tunani bayan aure da fili shi ne mota, kuma burinsa ya shiga garinsu da ita ranar jajibirin Sallah. Ni ɗan Gamawa ne ta ƙasar Katagum, kuma ban fita daga cikin masu wannan buri ba. Sai dai akwai abin da ba mu cika lissafawa ba. Iyayenmu da suka riƙa zuwa gida da Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, ba su da fargaba, domin duk bakaniken da ke Azare ko Misau ko Gamawa ya san cikinta kamar yunwar cikinsa: kafireta, distiribita, kontak, da koyil guda ɗaya tal. Mu kuwa tokumbo muke saya, wadda kwamfuta ke tafiyar da ita, wata ma har da turbo. Kanikawanmu na gida Allah ya ba su basira, amma aikinsu na kullum Golf ne da Sharon da babura da injin ban-ruwa, kuma mai shagon kayan gyara abin da ake nema yake sarowa. Idan motarka ta fita daga wannan layi, ranar da ta tsaya sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko ma Ladipo a nan Legas, ka zauna jiran direban da zai kawo saƙo.

Tawa motar ƙirar Jamus ce, mai silinda 4 da turbo, irin wadda samari ke so saboda gudu. Wani dattijon bakanike da nake kai wa aiki a Agege shi ya fara zaunar da ni ya ce, "Alhaji, wannan motar taka abu biyu ne za su fi saurin tsayar da kai a hanya, kuma duka biyun kai da kanka za ka iya canza su." Yana nufin fulogi da koyil. Ya sa na tsaya ina kallo ya yi sau ɗaya, na biyu ya miƙo min sifana ya koma gefe ya harɗe hannu.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai sani ba. A cikin kowace silinda, fistan yana matse iska da fetur, sai fulogi ya ba da tartsatsin wuta su kama, ƙarfin wannan kamawa shi ke juya inji. Batirin mota bolt 12 ne kawai, ba zai iya haifar da tartsatsin ba, don haka aikin koyil ne ya ɗaga wutar zuwa bolt dubu ashirin ko talatin ko fiye. A motocin yanzu kowane fulogi da nasa koyil ɗin zaune a kansa kamar hula. Shi kuma turbo, hayaƙin da ke fita ne yake juya wata 'yar farfela fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ta riƙa cusa ƙarin iska cikin inji. Iskar da aka matse sosai tana yi wa wuta wahalar tsallakawa, ga kuma zafi, shi ya sa fulogi da koyil na mota mai turbo suke shan wahala fiye da na sauran motoci. Shi ya sa kuma ake matse bakin fulogin nata, galibi milimita 0.7 zuwa 0.8, alhali na motoci da yawa marasa turbo yakan kai 1.0 ko 1.1. Kullum fulogi yana cinyewa kaɗan-kaɗan, bakin yana ƙara faɗi, koyil yana ƙara wahala, har ranar da zai gaji. Masu irin wannan inji da yawa suna ba da shawarar canza fulogi wajen kowace kilomita 60,000, amma littafin motarka shi ne alƙali.

Alamar kuwa ba ta ɓuya. Mota za ta riƙa karkarwa tana misin, kamar yadda kanikawa ke faɗa, musamman lokacin da ka taka ta da ƙarfi za ka wuce tirela. Idan wutar inji da ke gaban direba ta fara ƙyaftawa, to fetur ne ke fita bai ƙone ba, yana zuwa ya ƙona abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na koyil sau da yawa.

A Babbar Sallar 2023 ne wannan karatu ya yi min rana. Wata guda ke nan da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, mutane da yawa sun fasa tafiya, ni kuwa Hajiyarmu ta ce lallai tana son ganin jikokinta. Muka bi ta Lokoja da Abuja da Kaduna, muka kwana a Kano, washegari muka ɗauki hanyar Wudil. Fiye da kilomita 1,000 mota ba ta yi tari ba, sai da muka wuce Jama'are ta fara karkarwa. Na rage gudu, na lallaɓa ta muka wuce Azare, muka bi ta Udubo har ƙofar gida. A but ina da fulogi 4 da koyil 2 sababbi da 'yar jakar kayan aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da safe bayan inji ya kwana ya huce sarai, na buɗe bonet a ƙarƙashin bishiyar maina da ke ƙofar gidanmu. Wannan shi ne sharaɗi na farko: kada a taɓa fulogi inji yana da zafi, domin saman injin na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, tiredinsa yana iya lalacewa. Na jona 'yar na'urar nan mai karanta laifin mota a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ke magana da waya. Motocin Amurka tun daga 1996 suna da wannan soket, masu fetur na Turai kuma tun daga 2001. Ta nuna P0303. Lambar ƙarshe ita ce silindar da ke da matsala: P0301 ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu. To amma fulogi ne ko koyil ko nozil? Dabarar mai sauƙi ce. Na musanya koyil na uku da na ɗaya, na goge laifin, na tayar da mota na ɗan zaga. Sai ga P0301. Tunda ciwon ya bi koyil ya koma sabon ɗaki, an kama ɓarawo. Da a ce ya tsaya a ta uku, da sai in duba fulogi ko nozil.

Na bar ta ta sake hucewa har bayan azahar, sannan na kama aikin gaba ɗaya, tunda fulogan ma lokacinsu ya yi. Na kashe mota na zare makulli, na cire soket ɗin wayar kowane koyil a hankali, saboda robar ta sha zafi tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, na zaro shi sama a miƙe. Kafin kwance fulogi sai da na hure ramin da famfon keke. Mai karatu, kar ka raina wannan mataki, musamman a ƙasa irin tamu mai rairayi, domin duk yashin da ya taru a ramin, kana cire fulogi cikin silinda zai faɗa. Na sa doguwar sifanar fulogi mai lamba 16 na kwance su ɗaya bayan ɗaya, ina jera su yadda suka fito. Fulogi yana ba da labarin abin da ke cikin inji: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙi mai kunkunniya fetur ya yi yawa, fari tas zafi ya yi yawa, mai danshin baƙin mai kuma akwai yoyo a wani wuri. Nawa duka ruwan ƙasa ne, sai dai bakinsu ya buɗe.

Wajen ɗaurawa ne ake yin ɓarna mafi tsada. Sabon fulogi da hannu ake fara murɗa shi, ba tare da mariƙin sifana ba, ya yi ta shiga salin-alin. In ya cije tun farko, a dawo da shi baya a sake, domin in aka tilasta shi tiredi ya mutu, aikin rabin awa ya koma sauke saman inji. Bayan ya zauna sai a ɗaure da sifana mai awo, yawanci 25 zuwa 30 a ma'aunin Nm ga irin wannan fulogi. Sannan a mayar da koyil a danna har ya zauna, a jona soket a ji ya ce ƙas. Kuma fulogin zamani mai bakin iridiyam siriri ne kamar allura, ba a kankare shi da sanfefa ko a ƙona shi a wuta yadda ake yi wa na babur.

Ina cikin wannan aiki Baffana ya fito daga masallaci, ya tsaya ya daɗe yana kallona, hannu duk baƙi, yara sun kewaye ni. Ya ce, "Kai yanzu duk kanikawan garin nan ba su ishe ka ba? Mutum da girmansa, an ce ya zo daga Ikko da mota, sai a gan shi yana fama da ƙarfe kamar yaron gareji?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Baffa, a Ikkon ma da dako na fara." Ya yi dariya ya ce ai shi ma ya san wannan, ya sa aka kawo masa tabarma ya zauna har na gama. Maganar tasa ta tsaya min a rai, domin ta taɓo wani hali namu. A Kurmi babu aikin da ba ma yi, mu sauke buhu, mu tura baro, mu kwana a rumfa, amma da mun doshi gida sai mu sa babbar riga mu naɗe hannu, kada a ce ba mu samu ba.

Kwana biyu bayan Sallah, wajen ƙarfe ɗayan dare, ƙanena ya buga min ƙofa. "Yaya, ka taimaka, haihuwar ta zo da gardama, an ce sai Azare." Na tayar da mota, Goggo da wata maƙwabciya suka riƙe ta a baya, muka kama hanya cikin duhu da yayyafi har babban asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare. Kafin asuba aka yi mata aiki, aka samu 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. Rai na hannun Allah, kuma Shi ya kuɓutar da su. Amma ina zaune a barandar asibitin nan ina tunanin da a ce motar tana ƙofar gida tana jiran saƙo daga Kano, a makon da direbobi da 'yan kasuwa duk suna hutun Sallah. Duk wanda ya je gida da mota ya sani ba tasa ba ce shi kaɗai, ita ce motar asibitin dangi da maƙwabta har ranar da zai koma.

Saura maganar saye. Jabun fulogi ya cika kasuwa, da kwali da tambarin manyan kamfanoni irin su NGK da Denso da Bosch, har su kamfanonin suna gargaɗi a kai. A inji mai turbo jabu yana iya narkewa ko ya karye ya faɗa kan fistan. Ka ɗauki lambar da littafin motarka ya rubuta, ka je wurin wanda ka yarda da amanarsa, kuma in ka ji farashi ya faɗi ƙasa warwas ka tuna araha ba ta ado. Kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne" daga bakin mai shago, domin tsawon fulogi da irin zafin da yake ɗauka sun bambanta ko da tiredin ya shiga.

Kuma kowa ya san iyakarsa. In ka tarar da baƙin mai ya taru a ramin fulogi, gasket ɗin murfin inji ne ke yoyo. In ka canza duka biyun misin bai daina ba, ko turbo yana kuka, ko hayaƙi ya sauya launi, wannan aikin masu sana'a ne, a kai musu, a kuma biya su haƙƙinsu ba tare da ƙorafi ba. Ni kaina da na gama, na kira wani matashin bakanike na unguwarmu na nuna masa na'urar da yadda ake karanta lambobin, kuma da zan taho na bar masa ita. Yanzu in 'yan uwanmu sun je gida da motocinsu shi suke nema.

Don haka 'yan uwa, kafin Sallah mai zuwa, kowa ya ware yini guda ya je wurin bakanikensa ya ce a koya masa, ya sayi sifanar fulogi da koyil ko da guda ɗaya ya jefa a but kusa da safaya taya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai mu gida lafiya ya dawo da mu lafiya, ya jiƙan iyayenmu.