Wutar da ke tsakanin jiƙo biyu

Wata huɗu ya yi yana haɗa garin, kuma duka-duka bai cika cokali uku ba. Ranar gwaji ya sa shi cikin tururi mai zafin digiri 800, ya kai shi na'urar eksire da ke duba tsarin ƙwayoyi. Layukan da ya kamata su miƙe tsaye a kan takardar sun kwanta. Garin yana nan fari fat, amma ginin cikinsa ya rushe.

Sunan garin ziyolait nau'in Y. Da yashin silika, alminiyam da soda ake dafa shi a zafin kusan digiri 100, har ya zama ƙwayoyi masu ramuka kamar saƙar zuma, kowace ƙofa faɗinta bai kai nanomita 1 ba. A matatar mai, shi ke sare dogayen ƙwayoyin mai mai kauri su koma fetur, cikin daƙiƙoƙi kaɗan, a zafin da ya haura digiri 500. Daga nan a ƙone baƙin da ya manne masa a wajen digiri 700, a mayar da shi aiki, haka dare da rana. Matatar Dangote da ke Lekki tana da irin wannan sashe. Charles Plank da Edward Rosinski na kamfanin Mobil a Amurka ne suka nuna, a farkon shekarun 1960, cewa ziyolait zai jure wannan azaba idan aka cire sodiyam ɗin cikinsa aka sa ma'adanai irin su lantanom.

A nan ɗalibin ya yi tuntuɓe. Ka'ida ita ce a jiƙa garin a ruwan gishirin lantanom, a wanke, a busar, a gasa shi a wajen digiri 550, sannan a sake jiƙawa. Shi kuwa wutar lantarki ba ta tsayawa, man janareta daga aljihunsa yake fita, sai ya ga gashin tsakiya ɓata kuɗi ne. Ya jiƙa sau uku a jere, yana ganin yawan jiƙo zai maye gurbin wuta.

Bai maye ba, kuma dalilin yana cikin ginin. Ziyolait yana da manyan ɗakuna da ƙananan lunguna. A cikin ruwa, lantanom yana lulluɓe da rigar ƙwayoyin ruwa, don haka manyan ɗakunan kawai yake iya shiga. Wuta ce ke tuɓe masa rigar, ya kutsa lungu, ya riƙe ginshiƙan alminiyam, ya kuma koro sodiyam ɗin da ya maƙale zuwa fili, inda jiƙo na biyu zai kwashe shi. Sodiyam ɗin da aka bari, shi ke taya tururi cin ginin.

Da ya je gida hutun ƙarshen mako, ya tarar da mahaifinsa a bakin karofi, hannuwa sun rine har gwiwa. Ya ba shi labari a taƙaice, ba da sa ran zai fahimta ba.

"Baba, sau uku fa na jiƙa shi."

Tsohon ya ɗago ƙyalle daga ramin, kore-kore, ya ware shi a iska. Suna kallo ya koma shuɗi.

"Tsakanin tsomawa da tsomawa me ka yi masa?"

"Ba komai."

"To, ai sau ɗaya ka tsoma ke nan, ɗana."

Gishirin lantanom da ya rage masa bai fi na zubi ɗaya ba, sabo kuma sai an yi oda daga waje da dala, domin yawancin waɗannan ma'adanai a Sin ake tace su. Ranar Litinin ya karɓi rancen kuɗin dizal daga yayarsa, ya auna garin, ya jiƙa, ya busar. Da magariba ya kunna tanda, ya jawo kujera kusa da ma'aunin zafi, ya zauna jiran allura ta kai 550.