Masu Ciwon da Ba Su Shiga Lissafi a Nima

Wanda ya sauka daga mota a bakin titin unguwar Nima, a ƙasar Gana, sai ya ɗauka Fagge ya shigo. Ga mai koko da ƙosai, ga kiran salla, ga Badagombe da Bazabarme suna ciniki da Hausa. Yawancin lungunan mota ba ta shiga, kuma wata babbar kwata ce ta ratsa tsakanin Nima da maƙwabciyarta Maamobi.

Gana ta yi nisa wajen zuba bayanan lafiya a kwamfuta. Tun 2012 asibitocin gwamnati ke aika alƙalumansu ta DHIMS2, wadda aka gina kan manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo, irin wadda muke aiki da ita a Najeriya. Inshorar lafiya ma ta waya ake sabuntawa. Na ga wata mai tuwo ta danna *929# da hannun hagu, muciya na dama, kafin tuwo ya nuna ta gama.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta kawai ta sani. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Mohammed, gobe Mahama, jibi Mamudu. A tambayi tsohuwa shekarunta, ta ce ana goyonta aka hamɓarar da Shugaba Nkrumah. Sai ma'aikaci ya san 1966 ke nan. Da yawa ma ba sa isa Asibitin Maamobi. Mai hawan jini ya tsaya kemis, mai ciwon suga ya nufi mai maganin gargajiya, lissafi ya tafi babu su. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin da alƙaluman nan ake raba magani da ma'aikata.

Masu neman mafita suna Legon, wadda ba ta da nisa da Nima. Can Jami'ar Gana ke koyar da sarrafa bayanan lafiya, can kuma cibiyar bincike ta Noguchi take tun 1979. Wata 'yar Maamobi da ke shirin digirin digirgir a fannin ta ce mini, "Baba, baƙo ya zo da takardar tambayoyi, iyayenmu mata za su ce masa lafiya lau. Ni da na san tsakar gidansu, ba za su ɓoye mini ba."

Bincikenta a kan masu kemis zai tsaya: yadda za su riƙa aika awon jinin da suke yi wa mutane ta waya, ya shiga kundin gunduma. Abin da ya rage mata shi ne kuɗin karatu.