Filin unguwa, na wane ne?

A Jos, in kana son ganin hukuma da gaggawa, kafa rumfa a bakin hanya. Kafin la'asar za a zo maka da rasit, wani lokaci har kala biyu. Amma bari kwata ta toshe, ko filin da yara ke buga ƙwallo ya koma juji, sai ka nemi mai abin ka rasa. Maganar nan ta daɗe tana cina, domin a unguwar nan aka yanke mini cibiya, a nan kuma nake renon nawa 'ya'yan.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara, har da lambuna da filayen jama'a. A takarda ke nan, filin unguwarmu yana hurumin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991. To amma gwamnatin jiha tana da hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, mai ba da izinin gini da kula da tsarin gari. Tana kuma da PEPSA, mai kula da tsaftar muhalli. Duka biyun ba ƙarƙashin ciyaman suke ba, kansilan da muka zaɓa kuwa ba ya iya ba su umarni.

Ko wuraren da muke kai yara yawon sallah haka suke. Gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952 da gidan zu na gefensa, na gwamnatin tarayya ne. Gandun namun dajin da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, na jiha ne. Waɗannan dai an san masu su, ga ƙofa ga mai yankar tikiti. Ƙananan filayen cikin unguwa, da ba sa kawo ko kwabo, su ne marayun.

Damina biyu da suka wuce, mu huɗu daga layinmu muka tashi neman a kwashe sharar da ta cinye rabin filin bayan gidajenmu. Ofis na farko suka ce fili nasu ne, amma shara ba tasu ba ce. Na biyu suka ce shara tasu ce, amma sai masu fili sun rubuto. A na uku wani matashi ya ba dattijon cikinmu kujera, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ina takardar da ta nuna filin na jama'a ne?" Muka kalli juna. Kakanninmu sun yi wasa a wurin, amma ba wanda ya taɓa ganin takardar. Ba wanda ya wulaƙanta mu, kowa kuma bisa dokarsa ya yi magana. Zaman 'yan marina ne kawai, kowa da inda ya sa gaba.

Kada wani ya ce ai maganar ƙwallon yara ce. Sharar da aka jibge a fili ruwa ne ke kwasarta zuwa kwata, kwata ta cika ta tumbatsa cikin gidaje. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, a farkon azumi, wadda ta ci fiye da mutum 30. Sannan filin da ba mai kula da shi, wata rana sai a wayi gari an sauke bulo a kai.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Madalla. Sai dai kuɗi kaɗai ba za su raba gardamar wane ne mai aiki ba. Wannan mu ne za mu matsa a fayyace.

Ga abin da nake roƙon kwamitocin unguwa da masu unguwanni. A rubuta wa JMDB a nemi kwafin taswirar unguwa, mu san filayen da aka ware wa jama'a tun ba su ɓace ba. Duk koken da za a kai, a rubuta shi, a ba hukumomin uku kwafi rana ɗaya, a sa su buga hatimin karɓa. A kuma nemi kansila ya kawo mana a rubuce wane aiki ne na wa, a manna a ƙofar gidan mai unguwa. Damina na tafe, kuma kwatar layinmu har yanzu cike take.