Kada Ladabi Ya Gurgunta Iyayenmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridar nan taka mai farin jini, don in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da sauran masu karatu, game da wani al'amari wanda ya shafi kowane gida mai tsoho ko tsohuwa.

Mu mutanen ƙasar nan an san mu da girmama na gaba. Da dattijo ya yunƙura zai ɗauko buta, sai ka ji an ce, "Baba, zauna a kawo maka." In Inna ta ɗauki tsintsiya, sai jika ya karɓe. In tsoho zai je gaisuwa nan bayan layi, sai a tsai da masa babur. Wannan ladabi ne, ba kuwa mai zargin ladabi. Amma fa jiki bai san ladabi ba, aiki ya sani. Gaɓar da aka hana ta motsi ba ta daɗewa sai ta sandare, naman cinya ya zube, har tashi daga tabarma ya zama sai an kama. Kakanninmu noma da daka da ɗiban ruwa da cin kasuwa a ƙafa su suka riƙe musu jiki. Yanzu kuwa injin niƙa da famfo da babur sun ɗauke waɗannan, ba a kuwa sa kome a gurbinsu ba.

Mu ma'aikatan ofis abin ya fi shafa. A aikin gwamnatin Nijeriya galibi mutum yakan yi ritaya in ya kai shekara 60, ko in ya cika 35 yana aiki, sai ya tashi daga kujerar ofis ya koma ta ƙofar gida. A shekarar 1953 wani likitan Ingila, Jerry Morris, ya bayyana abin da ya gano game da ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan. Masu karɓar kuɗi, waɗanda ke yini suna hawa suna sauka, ciwon zuciya bai cika kama su kamar direbobi masu yini a zaune ba. Haka kuma ya samu tsakanin masu yawon raba wasiƙu da akawunan da ke zaune a ofis. Shi kansa likitan bai bar motsa jiki ba har cikin tsufansa, ya kuwa rasu a 2009 yana da shekara 99.

Watakila wani ya ce, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya tsufa me ya rage? To, a nan karin maganar bai ci ba. A 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta ba da labarin gwajin da aka yi a birnin Boston na Amurka da tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96. An sa su ɗaga nauyi da ƙafa har mako 8, sai ga ƙarfin ƙafafunsu ya fi ninkin yadda yake da fari. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya sami aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, watau kamar tafiyar rabin sa'a kwana 5, da abin ƙarfafa tsoka kwana 2, da abin da ke gyara tsayuwa don gudun faɗuwa kwana 3. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya faɗi ya karye a ƙugu ya san wannan ba maganar wasa ba ce.

Sai dai farawa ba ita ce wuya ba, ɗorewa ita ce. Sa'ad da muke makaranta ƙararrawa ce ke fid da mu fili kowace safiya, na kuwa lura yawancin abokan karatuna ran da suka rabu da ƙararrawa, ran nan suka rabu da motsa jiki. Ashe ba niyya kaɗai ke riƙe al'ada ba, sai da abin da ke tuna wa mutum a lokaci guda kullum. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna sabon abu yakan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zama jiki, wani 18 kawai, wani har 254, kuma tsallake rana guda ba ya rushe abin da aka gina.

Na ga gaskiyar wannan a gidanmu. Mahaifina, bayan ya bar aiki, likita ya ce masa ya riƙa tafiya saboda hawan jini. Ya ce shi da furfurarsa ba zai yi ta zagaya gari ba dalili kamar wanda ya yi ɓatan kai ba. Sai ƙanwata ta roƙe shi ya riƙa raka ɗanta makaranta da safe, ta ce yaron ba ya jin maganar kowa sai ta kakansa. Nan da nan ya yarda, don wannan aiki ne, ba wasa ba. Yau shekara biyu ke nan, ko ran da ba makaranta sai ya ɗauki sandarsa ya fita, ya ce ƙafarsa ce ke kiransa.

Don haka ga shawarata. Da fari, a ɗaura motsin a jikin abin da tsoho ya riga ya saba yi, kamar zuwa wurin ibada, ko majalisar abokai bayan la'asar, ko duba dabbobi. Na biyu, a ba tafiyar dalili, gama dattijo ya fi son a ce ana bukatarsa da a ce ana jinyarsa. Na uku, a fara da kaɗan, ko minti 10 ne, a riƙa ƙarawa mako-mako, sannu ba ta hana zuwa. Na huɗu, a samo masa abokin tafiya, don wanda ya san ana jiransa a ƙofa ba ya komawa barci. Iyayenmu mata da ba su cika fita ba, su ma kada a manta da su. A bar musu shara da tankaɗe gwargwadon ƙarfinsu, su zagaya tsakar gida, su tashi daga kujera su zauna sau 10, su dafa bango su tsaya da ƙafa ɗaya.

A kuma yi la'akari da lokaci. Da bazara a fita da sassafe ko da yamma, a sha ruwa. Da damina a kiyayi santsi, a sa takalmi mai kama ƙafa. In rashin lafiya ko biki ya katse abin, kada a yi gori, a koma kawai. Mai ciwon zuciya ko na sukari ya fara jin ta bakin likita, wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko haki mai tsanani ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

'Yan'uwa, muna aika wa iyayenmu kuɗi da hatsi da magani, madalla. Amma wanda ya taimaki tsohonsa ya riƙa tashi da ƙafarsa, ya shiga makewayi ba mai riƙe shi, ya tsare masa mutuncin da kuɗi ba su saye. Ina fata malamai za su faɗakar da jama'a, masu karatu kuma su rubuto mana dabarun da suka gwada a nasu gidajen. Allah ya ba iyayenmu tsufa mai amfani, mu kuma ya kai mu.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.