Mutum Ɗaya, Kujera Biyu

Na saba ganin mai hali ya biya kuɗin mutum biyu a tasha don ya sarara a gaban mota. Wannan ganin dama ne. A jirgin sama kuwa al'amarin ya sha bamban, domin kamfanoni da dama, musamman a Amurka, sukan wajabta wa mai jiki sayen kujera ta biyu muddin ba zai iya sauke maɗorin hannu da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ba. Alhali faɗin kujerar talaka yawanci inci 17 ne ko 18.

Hujjarsu ita ce, maƙwabcin ma kuɗinsa ya biya, bai kamata a takura shi ba. Ban musa ba. Sai dai ai su suka yanka kujerar daidai da ribarsu.

A 2008 hukumar sufuri ta Kanada ta umarci manyan kamfanonin ƙasar cewa, a tafiyar cikin gida, wanda ƙibarsa ta kai ga nakasa kuɗin kujera ɗaya zai biya. Takardar likita ce shaidarsa. Wannan hukunci ya fi kwanta mini a rai, domin ya raba larura da son jin daɗi, kuma ba sai an tsai da mutum gaban jama'a ana auna shi da ido kamar buhun gero ba.