Ma'aunin Tsohon Maharbi

A Sabon Ibadan akwai wani dattijo, tsohon maharbi, wanda hannunsa na hagu yatsu uku ne suka rage. Shekara da shekaru ya yi yana shiga daji da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baka. Ɗan ƙanensa kuwa tsohon saje ne, wanda duk zamansa a soja bai taɓa harba wani harsashi ba sai na masana'anta, irin wanda ake ƙerawa a ma'aikatar makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964.

Ran nan da la'asar gardama ta haɗa su. Saje ya ce, "Baba, ai ɗurin hannu caca ne. Harsashin inji kuwa, na farko da na dubu duk ɗaya suke." Dattijo ya yi murmushi, ya shiga ɗaka ya fito da wani ɗan guntun ƙaho da ya sha hannu har ya yi sheƙi. Ya ce, "Yaro, wannan shi ne injina. Shekara talatin ban ƙara masa ba, ban rage ba."

To, kowannensu yana da gaskiya, sai dai rabi rabi. Asirin saiti shi ne harbin yanzu ya zama daidai da na ɗazu: nauyin dalma ɗaya, yawan albarushi ɗaya, gudu ɗaya. Da zarar ɗayansu ya sauya, sai harsashi ya faɗa sama ko ƙasa da inda aka auna. Ita bindigar toka cikinta sumul yake, shi ya sa ba ta cin nisa. Ta soja kuwa tana da zane mai murɗawa a cikin bututunta, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, ya tafi sak.

Abin da Saje bai sani ba shi ne, a Amurka gwanayen gasar harbi daga kan teburi kusan dukansu da hannu suke haɗa harsashinsu. Sukan auna albarushi da wani ma'auni wanda sai an haɗa 15 da ɗoriya ake samun giram ɗaya. Bindigar da ta tara harbinta cikin faɗin inci 1 daga nisan yadi 100 ana yaba ta, amma su waɗannan sukan zuba harbi 5 kusan a rami guda. Dalili kuwa shi ne, masana'anta tana yin harsashin da zai shiga kowace bindiga mai girman baki ɗaya, kamar rigar kanti, shi kuwa mai haɗin hannu ɗinki yake yi wa bindiga guda. Duk da haka, harsashin gasa na masana'anta ya inganta ƙwarai, har mafarauci ba zai ga bambanci a jikin nama ba.

Sa'an nan Saje ya dubi hannun dattijo, ya ce, "To, Baba, yatsun fa?" Dattijo ya yi shiru, can ya nisa. Ya ce wata rana ce ya hangi gadu, ga shi ya bar ƙahon a gida. Ya zuba albarushi a tafin hannu, ya ƙara kaɗan don kada naman ya tsere. Yana jan kunama bututu ya tsage. Gadu ya yi gaba, shi kuwa aka ɗauko shi a kafaɗa. "Sau ɗaya tak na amince da idona," in ji shi.

Nan gardama ta mutu. Inji ba ya ɗoki, ba ya kwaɗayin nama, hannun mutum kuwa yana iya fin inji kyau, amma sai ranar da ya yarda ya bi ma'auni. Don haka ba banza ba dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da iznin hukuma ba.

Da aka kira sallar magariba, Saje ya karɓi ƙahon ya jujjuya shi, ya miƙa wa dattijo da hannu biyu. Shi kuwa ya sa shi a aljihu, ya ɗauki buta da yatsunsa uku.