Fiditi: Garin da Rumbunsa Bakin Hanya Ne

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa bin tsohuwar hanyar da ta tashi daga Badun ta nufi Oyo, ta zarce Ogbomosho da Ilori har ta haye kogin Kwara a Jebba, ya san Fiditi ko da bai riƙe sunanta ba, domin nan ne direbobi kan tsaya fasinja su sayi tsarabar 'ya'yan itatuwa. Ƙaramin gari ne na manoma Yarabawa a ƙaramar hukumar Afijio ta Jihar Oyo, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga Badun. Can muka nufa, mu ɗalibai, a ƙarshen watan Maris, lokacin da agwaluma ke ban kwana, mangwaro kuma yana sallama.

Ƙamshi ne ya fara tarbar mu tun kafin jama'a. Ga rumfuna a jere, mata sun kasa lemo da gwanda da kashu, sun yi dalar abarba, ga nonnan ayaba rataye ana jiran su nuna. Garin yana inda kurmin kudu ya fara sassautawa, ruwa kuma yakan sauka tun daga Maris ko Afrilu har Oktoba, don haka kusan kowane wata da nasa ɗan itacen.

Wani dattijo da ya daɗe yana hulɗa da Hausawa 'yan sari, har ya ji harshenmu, shi ya kai mu gonarsa. Muna kiransa Baba, yana ce mana 'ya'yana. Ya nuna mana yadda ake yi wa lemo aure, a ɗauko ido daga itace mai kyawun iri a ɗaura a jikin wani mai ƙarfin saiwa, sa'an nan a yi haƙurin shekara uku ko huɗu kafin a tsinki ɗan fari. Mu da muka saba da gero, wanda kan nuna cikin wata uku, sai muka jinjina wa wannan haƙuri. Amma da muka dubi gindin itatuwan mangwaro, murnarmu ta ragu, domin 'ya'yan da suka zube sun rufe ƙasa, ƙudaje na biki a kansu.

A nan muka fahimci bambancin manomin hatsi da manomin 'ya'yan itace. Namu na Arewa, in kasuwa ta faɗi, sai ya ɗaure damin dawarsa ya zuba a rumbu, ya jira bazara. Wannan kuwa ba shi da rumbu. Gwanda in ta nuna kwanakinta ƙidayayyu ne, nunanniyar ayaba guda kuma takan ja sauran 'yan uwanta su nuna tare. Abin da ke tsaya masa a madadin rumbu shi ne hanya da masu wucewa a kanta. To, da aka gina tagwayen hanya daga Badun zuwa Oyo, sai ta bi ta bayan gari, yawancin motocin da ke tsayawa suka koma can suna wucewa a guje. Itatuwa ba su daina haihuwa ba, masu saye ne suka yi nisa. Ɗan sari kuma ya san mai kaya ba ta iya jira, don haka yakan taya yadda ya so, ita kuwa ta sallama, gudun kada ta tashi a tutar babu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, a Badun ɗin nan kusa akwai Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1975, kuma kantunan birnin cike suke da ruwan lemo na kwali mai tsada. Ga ilimi, ga kasuwa, ga kaya, amma ba a haɗa su ba. Da manoma za su haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama kai, a tallafa musu da ƙananan injunan matse lemo da na busar da mangwaro da abarba, da ɗakin sanyi ko guda ɗaya, da abin da ke ruɓewa ya zama kuɗin makarantar yaransu.

Wannan kira bai tsaya ga Fiditi ba. Ya shafi masu lemon Binuwai, da masu tumatir na Kadawa a Kano, da duk wanda guminsa ke zubewa a gindin itace. Muna roƙon mahukunta su tuna cewa mai gina hanya yana iya raya gari, yana kuma iya barinsa a baya ba tare da ya yi nufi ba. Idan kuma tafiya ta bi da kai ta wannan yanki, ya kai mai karatu, ka ratse ta tsohuwar hanya ka yi tsaraba, ka rage tayi.